Waiwaye: Yadda masu ciwon kumburin hanji suka fara koya wa juna zama da cutar

Har yanzu ana ta muhawara kan zaurukan masu ciwon kumburin hanji da suka cika Facebook. Wasu likitoci na ƙorafin cewa a nan majinyaci ke jin shawarar da za ta sa ya ajiye magani ya koma wani tsarin abinci. Su kuma majinyatan na cewa a nan kaɗai suke samun wanda zai saurari zancen gudawa mai jini ba tare da ya yamutsa fuska ba. Tun kafin a san intanet ake wannan jayayya.

Manyan nau'o'in cutar biyu ne. Likita Samuel Wilks ya bayyana nau'in da ke cin babban hanji a Landan a 1859, sannan likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana ɗaya nau'in, wanda yanzu ake kira da sunansa, a asibitin Mount Sinai na New York a 1932. Manyan ƙungiyoyin tallafa wa masu cutar sun biyo baya, a Amurka a 1967, a Birtaniya a 1979.

Sai dai ba kasafai ake tuna shekarun 1950 ba. A lokacin, wanda cutar ta yi wa tsanani sai a cire masa babban hanji, a fito da bakin ƙaramin ta fatar ciki, bayan gida ya riƙa fita ta nan zuwa cikin wata jaka da ake mannawa. Wurin yakan kumbura ya tsuke, ruwan hanjin kuma ya ci fata. A 1952 Bryan Brooke, likitan tiyata a Birmingham ta Birtaniya, ya ɓullo da dabarar juya bakin hanjin kamar naɗin hannun riga a ɗinke shi da fata. Mutane suka riƙa tsira, amma aka sallame su da tambayoyin da asibiti ba shi da amsarsu: yaya ake manna jakar bayan gida kada ta zubo a tsakiyar mutane, me za a ci, yaya zaman aure?

Waɗanda suka riga su shiga halin ne suka amsa. A Mount Sinai tsofaffin majinyata sun kafa ƙungiyar QT, sunan ɗakunan da aka kwantar da su. A Birtaniya Brooke da kansa ya taimaka aka kafa ƙungiyar masu wannan tiyata a 1956. A Cleveland ta Amurka kuwa, Norma Gill, wadda ita ma aka cire wa hanjin, ta fara aiki da Dakta Rupert Turnbull a 1958 tana koya wa sababbin majinyata kula da kansu, har abin ya zama fanni a aikin jinya. Wato likitoci ne ma suka fara tura marasa lafiya wajen 'yan'uwansu.

A ƙasar Hausa, inda ake yawan ɗaukar cutar a matsayin atuni ko basir, kuma kunya ke hana zancen bayan gida, mai ita yakan daɗe yana shan jiƙo kafin a duba hanjinsa da na'ura, balle ya san akwai wani irinsa a garin.