Lalacewar bayanan fom a rumbun bayanai

Lalacewar bayanan fom matsala ce da ake samu idan mutum ya cike fom a shafin intanet ya aika, amma abin da ya shiga rumbun bayanai bai yi daidai da abin da ya rubuta ba, ko kuma bai shiga ba sam. Ta fi fitowa a shafukan da aka gina da PHP (harshen shirya shafukan intanet) da MySQL (manhajar rumbun bayanai), saboda yawansu.

Tarihi da tsarin haruffa

Galibin matsalar daga tsarin haruffa take. Shekaru da yawa MySQL na zuwa ne da tsarin latin1, wanda aka yi domin harsunan Yammacin Turai, babu ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ a cikinsa. Idan aka tura "ƙasa" cikin teburin rumbu mai irin wannan tsari, sai ta koma "?asa". Idan kuma haɗin da ke tsakanin shafi da rumbu ne ya saɓa, sai a ga "Æ™asa", domin an karanta bayit biyu (bayit ma'aunin bayanan kwamfuta ne) na ƙ a matsayin haruffa biyu daban. Wannan na biyu yana gyaruwa. Na farko kuwa ya tafi, tunda alamar tambaya ce aka adana.

Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, tsarin haruffan da ke ɗaukar haruffan harsunan duniya, a 1992. MySQL ta karɓe shi a sigar 4.1, wajen 2004, amma rabi da rabi: abin da ta kira utf8 ba ya ɗaukar harafin da ya wuce bayit 3. Haruffan Hausa sun tsira, amma imoji da rubutun Adlam na Fulfulde, masu bayit 4, ba su shiga. A sabar (kwamfutar da ke ɗauke da rumbun) da ba a saita ta ta ƙi bayanan da ba su dace ba, rumbun kan yanke rubutu daga inda imoji ya faɗo, ya watsar da sauran ba tare da kuskure ya bayyana ga mai fom ba. Sai a 2010, a sigar 5.5.3, aka kawo utf8mb4, mai ɗaukar haruffa masu bayit 4. WordPress, manhajar gina shafukan intanet, ta koma kansa a 2015, MySQL 8.0 kuma ta mai da shi na asali a 2018.

Alamar ɗauri

Kalmomi irin su 'yan da 'ya'ya masu alamar ɗauri (') kan karya umarnin SQL, harshen da ake bai wa rumbu umarni da shi, idan mai shirya shafi ya liƙa rubutun mutum kai tsaye cikin umarnin, domin rumbu na ɗaukar alamar a matsayin ƙarshen zance. Ta wannan kafa ce masu kutse ke cusa nasu umarnin. Maganinta shi ne a aika umarni daban, bayanai daban, kamar yadda PDO da mysqli, hanyoyin da PHP ke haɗuwa da rumbu, ke bayar da dama. PHP ta taɓa gwada rufe alamar da kanta, dabarar da ta jawo ce-ce-ku-ce, aka cire ta a sigar 5.4.

Sauran dalilai

Akwatin fom da ba a ba shi suna a HTML (harshen rubuta shafin intanet) ba, burauza ba ta aika abin da ke cikinsa. PHP kan tsaya a akwati 1000 idan ba a ƙara mata iyaka ba. Wani lokaci kuma an buɗe mu'amala da rumbu ne, wato jerin canje-canjen da ba sa adanuwa sai an tabbatar da su, aka manta ba a tabbatar da ita ba.

Bincike

Masu gyara kan fara da duba abin da burauza ta aika, sannan abin da sabar ta karɓa, sannan kundin kurakurai, inda lambar 1366 ke nuna harafin da teburi ya ƙi karɓa.