Hayaƙin injin bakum: daga ina yake fitowa, ina ya kamata ya nufa?

Duk wanda ya taɓa zama a shagon mai gyaran firji ko AC a Panteka ko Kakuri a Kaduna ya ga ɗan injin nan da ake jona wa tiyo kafin a ɗura gas. Masu sana'ar na ce masa bakum, aikinsa kuwa zuƙe iska da damshi daga bututun na'ura. Ga tambayoyin da yaran shago suka fi yi a kansa.

Farin hayaƙin nan, wani abu ne ke ƙonewa a ciki?

Babu abin da ke ƙonewa. A cikin injin akwai 'yan faifai da ke juyawa cikin mai, man ne ke toshe kafofi don kada iska ta koma baya. Iskar da aka zuƙo tana ratsa man da ƙarfi wajen fita, sai ta farfasa shi ta kwaso ƙananan ɗigo masu kama da hazo. Gwargwadon iskar da ke wucewa, gwargwadon hazon. Shi ya sa yake turnuƙewa da an kunna, sannan ya lafa. A ma'aunin gejin bakum, wato maikiron, nauyin iskar da muke shaƙa ya kai 760,000, mai gyaran kirki kuwa yana so ya sauko da shi zuwa 500. Kafin a kai nan, iskar da ta rage ba ta isa ta tayar da mai ba. Saboda haka in an daɗe ana bakum hayaƙi bai lafa ba, kada a zagi injin. A duba tiyo da mahaɗai, akwai inda ke yoyo.

Yana da illa ga lafiya?

Yana da ita. Yana sa tari da ƙaiƙayin ido da maƙogwaro, kuma man da ya daɗe yana taruwa a huhu kan jawo kumburi. A Amurka doka ta ƙayyade miligiram 5 na hazon mai a kowace mita kubik ta iska, a aikin awa 8. Ka kwatanta da shago mai ƙofa ɗaya, babu taga, Oga da yara uku a ciki. Da hunturu ƙura na manne wa maiƙon da ya sauka kan kayan aiki, komai ya yi danƙo.

Me filta ke yi?

Ana ɗaura ta a bakin da iska ke fita. Cikinta zaren gilashi ne siriri da aka cusa. Ɗigon mai na maƙalewa a jikin zaren, su haɗu su yi nauyi, su gangaro ƙasa. Wata filtar tana mayar da man cikin injin, wata kuma sai an tsiyaye ta da hannu. In ka ga hayaƙi ya dawo ko mai na tsartuwa, cikinta ya jiƙe, a canza shi.

Ke nan in na sa filta na huta?

Nan mutane suka fi ruɗuwa. Filta mai take kamawa, gas kuwa ratsa ta yake yi ya wuce abinsa. Yawancin firjin gida na yanzu da R600a suke aiki, wasu AC da firiza kuma da R290, dukansu 'yan uwan gas ɗin girki ne: suna kama wuta, sun fi iska nauyi, a ƙasa suke kwanciya. Ga janareta a bakin ƙofa, ga mai walda a maƙwabta.  Dole a ja tiyo a fitar da gas ɗin waje, nesa da wuta da tagar mutane.

Yaya ake jan tiyon?

Faɗinsa kada ya gaza na bakin injin, kuma a taƙaita tsawonsa. Ya gangara ƙasa daga injin, don in ya hau sama duk ruwan da ya taru a ciki komawa zai yi cikin mai. In ba makawa sai ya hau, a sa ɗan gwangwanin tara ruwa a gindinsa. Kada ya lanƙwashe, kada kuma a toshe bakin da tsumma ko leda wai don a kashe hayaƙi. Iska za ta taru a tukunyar mai ta fasa robobi, har gilashin duba mai tana iya fasawa.

Me ke sa man ya koma kamar madara da damina?

Ruwa ne ya shige shi. Injin da ke da makunnin balas, dabarar da Bajamushe Wolfgang Gaede ya ƙirƙiro a 1935, ana buɗe shi ya shigar da iska kaɗan don damshi ya fice kafin ya zama ruwa. Sai dai buɗe shi na ƙara hazo, wani dalilin ke nan na sa filta. In man ya riga ya yi fari, a zubar tun injin na da zafi, a tara shi a galan kada ya bi kwata. A zuba man bakum na ainihi, don baƙin man mota ba zai sauko da geji inda ake so ba.