Ɗanyen itace bai fi auki ba

A zangunan Kumasi, daga Aboabo har Asawase, an daɗe ana cewa itace mai nauyi, wanda bai gama bushewa ba, shi ne mai auki domin yana daɗewa a murhu. Masu wannan magana sun ga wani abu na gaskiya, don kuwa yana daɗewa. Sai dai daɗewar ba ta dafa tuwo.

Itacen da aka sare yanzu, kusan rabin nauyinsa na iya zama ruwa. Wuta za ta fara ƙone wannan ruwan kafin zafinta ya kai ga tukunya, shi ya sa hayaƙi ke turnuƙe madafa, mai koko tana fifita tana hawaye. Busasshen itace kuwa ruwansa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba.

Nauyi iri biyu ne. Kirya da marke suna da nauyi ko sun bushe, saboda ƙwarin jikinsu, kuma garwashinsu na jimawa. Rimi kuwa da ya bushe sai ya zama sakayau, ya cinye nan da nan.

Gwadawa ba wuya. A haɗa guda biyu a buga: busasshe zai yi ƙara ƙwas, ɗanye zai yi dum. A duba bakinsa ko ya tsattsage, ɓawon ya saki. In a wuta yana tsuwa, kumfa na fita ta ɗaya bakin, to da saura, a faskara shi a jingine inda iska ke ratsawa, musamman da damina.

Don Allah a tura wa masu tuwo da masu koko na unguwa.