Mai keken guragu a jirgin ruwan yawon shaƙatawa: wace doka ce ke aiki, wa kuma zai biya wa ɗan rakiya?

Kwanakin nan wani saƙon murya yana ta yawo a zaurukan WhatsApp na Kaduna, inda mai maganar yake rantsuwa cewa manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, waɗanda ake kwana a cikinsu tamkar otal, ba sa ɗaukar mai keken guragu, kuma wai idan sun daure sun ɗauke shi sai ya biya ninkin kuɗin kowa, ya haɗa da takardar likita. Saƙon ya faɗo gidan maƙwabtanmu a Unguwar Rimi daidai lokacin da ɗansu mai aiki a Turai yake shirya wa mahaifiyarsa irin wannan tafiya daga birnin Barcelona na Sifaniya, ita kuwa shekara uku ke nan tana kan keke tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Da na shiga gaishe ta, sai ta ce mini, “Malam, ka faɗa wa yaron nan ya daina wahalar da kansa, an ce irinmu ba ma shiga.” Na ce, “Hajiya, a dakata tukuna a duba abin da doka ta ce.”

Na san wani zai ce ina ruwan Kaduna da teku, garin da ko tasharsa ta jiragen ruwa da ke Kakuri ta kan tudu ce. Amma masu sayen irin wannan tikiti a wurin kamfanonin shirya tafiye-tafiye suna nan cikinmu, kuma galibi dattawa ake yi wa hidimar, su ne kuwa ƙafa ta fi ba matsala.

Kafin a zo kan jirgin, akwai wata gurguwar fahimta da ta biyo bayan saƙon, domin wasu sun mayar da martani cewa duk kamfanin da ya hana ka, ka maka shi a kotu ka karɓi naira miliyan ɗaya. Dokar da suke nufi ita ce ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019. Gaskiya ne ta hana kowane mutum ko hukuma nuna wa mai naƙasa bambanci saboda naƙasarsa, ta kuma ambaci tashoshin jiragen ruwa da jiragen kansu cikin abubuwan da dole a gyara, tare da wa'adin shekara 5 da ya cika a Janairun 2024. Hukuncinta shi ne tarar naira miliyan 1 ga kamfani, mutum ɗaya kuma tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Sai dai ita tara aljihun gwamnati take shiga, wanda aka zalunta kuwa sai ya shigar da tasa ƙarar ta neman diyya daban, abin da dokar ta ba shi dama ya yi. Sannan dokar Najeriya ce, iyakarta Najeriya. Idan wani ejan a Kaduna ya ƙi sayar wa Hajiya tikiti don kawai ya gan ta a keke, tana iya riƙe shi da ita, amma ba ta da iko a kan jirgin da ya tashi daga Sifaniya ɗauke da tutar Malta ko Bahamas. Ita kanta tarar, idan aka auna ta da darajar naira a yau, ba abin da zai hana babban kamfani barci ba ne.

Abin da ya kamata matafiyi ya fara tambaya shi ne tashar da zai hau jirgin. Idan tana cikin ƙasashen Tarayyar Turai, irin su Sifaniya, doka mai lamba 1177 ta 2010, wadda ta fara aiki ranar 18 ga Disamban 2012, ita ce garkuwarsa, ko da fasfonsa kore ne. Ta shafi duk wanda motsi ya yi wa wuya, ko saboda naƙasa ko saboda tsufa. Ta hana kamfani ko ejan ƙin karɓar fasinja saboda naƙasa, ta kuma hana a ƙara masa ko sisi a kan kuɗin da kowa ke biya, don haka maganar ninki ba ta da tushe. Dalilai biyu kaɗai ta yarda a ƙi mutum a kansu: idan ƙa'idojin kare rayuka sun tilasta haka, ko idan ginin jirgin ko na tashar ya sa hawa da sauka lafiya ba zai yiwu ba. Ko a nan ma dole a gaya masa dalili nan take, kuma idan ya nema a rubuce, a ba shi cikin kwanakin aiki 5. Nasa nauyin shi ne ya faɗi irin ɗakin da yake buƙata tun lokacin sayen tikiti, ya kuma sanar da buƙatar taimako aƙalla awa 48 kafin lokacin.

A Amurka kamfanoni sun taɓa fakewa da cewa jiragensu tutar wata ƙasa suke ɗauke da ita, saboda haka dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ba ta hau kansu ba. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke wannan gardama a 2005, a shari'ar Spector da kamfanin Norwegian Cruise Line, inda ta ce dokar tana aiki a kan jiragen ƙasashen waje da ke cikin ruwan Amurka, in ban da abin da ya shafi tsarin cikin gida na jirgin. A 2010 ma'aikatar sufurin Amurka ta fitar da ƙa'idojin da suka ce a ajiye ɗakunan masu keke ga mabuƙatansu har sai sauran ɗakunan wannan ajin sun ƙare. Kamfani yana iya neman fasinja ya sa hannu cewa yana buƙatar ɗakin, amma ba zai ce sai ya kawo shaidar naƙasa daga asibiti ba.

Inda mai saƙon murya ya ɗan kusanci gaskiya, ko da bai sani ba, shi ne batun ɗan rakiya, kuma a nan ne dokar Turai take rikita mutane. Ta ba kamfani dama, idan ya zama dole ƙwarai, ya sharɗanta cewa sai mai naƙasa ya taho da wanda zai iya taimaka masa. Ta ƙara da cewa a ɗauki wannan ɗan rakiya kyauta, kuma wannan jimlar ce mutane suke yankowa su yaɗa. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, kyautar an taƙaita ta ga jiragen jigila, wato masu kai fasinja daga wannan tasha zuwa waccan bisa jadawali. Jirgin shaƙatawa, wanda dokar ta fassara da na nishaɗi zalla mai kwana fiye da biyu a ciki, ba ya cikin wannan rangwame. Ma'ana, idan aka ce wa Hajiya sai ta zo da jikarta, ɗanta zai biya wa jikar cikakken kuɗi. Hujjar masu wannan tsari a fili take, tunda tikitin shaƙatawa ya haɗa ɗaki da abinci na kwanaki. Duk da haka yana da wuya a gamsar da ni cewa wanda aka tilasta wa sayen tikiti biyu bai biya ƙarin kuɗi saboda naƙasarsa ba, alhali ƙarin kuɗin ne dokar ta ce ta hana. Ƙa'idar Amurka ta bi wata hanya: ba a tilasta wa kowa ɗan rakiya, amma ma'aikatan jirgi ba dole ne su yi wa fasinja hidimar ciyarwa ko sa tufafi ko kai shi banɗaki ba. Ta kowace fuska dai, wanda ba ya iya waɗannan da kansa sai iyalinsa sun yi lissafin mutum biyu.

Doka kuma ba ta mayar da kowane ɗaki na mai keke ba. Ɗakunan da aka keɓe ƙalilan ne, suna kuma ƙarewa da wuri. Ana gane su da ƙofa mai faɗin kimanin inci 32, da filin da keke zai iya juyawa, da wurin wanka marar dokin ƙofa wanda ake tura keke har ciki, da ƙarafan dafawa a bango. Ɗakin gama-gari kuwa ƙofarsa matsattsiya ce, banɗakinsa yana da tudu a bakin shiga, kuma ba a yarda a bar keke a hanyar da ke tsakanin ɗakuna ba domin ita ce hanyar tsira idan haɗari ya taso. Ranar da na koma gidan Hajiya, jikarta ta ɗauko tef ɗin tela muka auna keken daga bakin wannan taya zuwa waccan, ya ba mu inci 26, aka tura wa ɗan adadin domin ya nemi kamfanin ya rubuto masa faɗin ƙofar ɗaki da ta banɗaki. Kalmar “ya dace da masu naƙasa” da ke jikin talla ba ta wadatar ba, saboda wasu ɗakunan an yi su ne don mai dogara sanda wanda zai iya ɗan takawa.

Sai kuma wuraren da babban jirgi ba ya iya matsawa bakin tasha, inda yake tsayawa can cikin ruwa a riƙa kwasar mutane da ƙananan jirage zuwa gaɓa. A irin wannan zango kyaftin yana da ikon hana mai keke sauka idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kuma wannan yana cikin uzurin kare rayuka da doka ta amince da shi, don haka ya kyautu a tambayi zango nawa ne irin wannan a tafiyar kafin a biya kuɗi. Idan kuma keke ya lalace ko ya ɓata bisa sakacin kamfani ko na tasha, dokar Turai ta ce a biya kuɗin gyara ko na madadinsa. Ana kai ƙorafi ga kamfanin cikin wata 2 da faruwar abin, shi kuma ya ba da amsar farko cikin wata 1, ta ƙarshe kada ta wuce wata 2 daga ranar da ƙorafin ya isa hannunsa.