Taransifomar sauti a amfilifayar gita mai bawul

Taransifomar sauti ita ce na'ura ta ƙarshe da sautin gitar lantarki ke ratsawa a cikin amfilifaya mai bawul kafin ya isa lasifika. Bawul kwalba ce ta gilas mai kama da ƙwan fitila, wadda aka zuƙe iskar cikinta, kuma da ita ake ƙara ƙarfin sauti a rediyo da amfilifaya kafin zuwan taransista. Irin wannan amfilifaya takan ƙunshi manyan taransifomomi biyu. Ɗaya tana karɓar wutar soket ta raba wa sauran sassa, ɗayar kuma, wadda ake magana a kanta a nan, tana zaune tsakanin manyan bawuloli da lasifika. Tana cikin kayan da suka fi tsada a cikin injin, kuma ba ta cika lalacewa da kanta ba, galibi wani sashe ne ke jawo mata.

Yadda take aiki

Manyan bawuloli suna aiki da wuta mai ƙarfin volt 300 zuwa 500 amma gudunta kaɗan ne, lasifika kuwa tana son volt kaɗan da gudun wuta mai yawa. A ma'aunin turjiya, bawul na neman ohm dubbai, alhali lasifikar gita ohm 4 ce ko 8 ko 16. Taransifoma ce ke daidaita tsakaninsu, ta kuma tare wutar mai haɗari kada ta kai ga lasifika.

A cikinta akwai naɗin waya biyu na jan ƙarfe a kan tarin siraran fallayen ƙarfe masu siffar haruffan E da I. Naɗin farko siririyar waya ce mai zagaye da yawa, na biyun kuma kakkaura ce mai zagaye kaɗan. Babu inda suka haɗu, maganaɗisu ne ke ɗaukar sauti daga wannan zuwa wancan. Idan aka ninka rabon zagayen da kansa, shi ke ba da rabon turjiya: taransifomar da za ta haɗa ohm 8,000 da lasifika mai ohm 8 tana buƙatar zagaye kusan 32 a naɗin farko kan kowane zagaye 1 a na biyu.

Yawancin amfilifayoyi na amfani da bawul biyu ko huɗu masu aikin karɓa-karɓa, wani na turawa wani na ja. A nan naɗin farko yana da waya a tsakiyarsa inda babbar wuta ke shiga. Ƙananan injuna masu bawul ɗaya tilo, irin su Fender Champ, suna da taransifoma ta daban wadda aka bar wa ɗan gibi a cikin ƙarfenta don kada maganaɗisu ya cika ta. Ba a musanya waɗannan iri biyun.

Tarihi

Michael Faraday ne ya gano tushen aikin taransifoma a Ingila a 1831, amma sai a shekarun 1880 aka fara ƙera masu amfani ga wutar gari. John Ambrose Fleming ya fito da bawul na farko a 1904, Lee de Forest kuma ya kawo wanda ke iya ƙara ƙarfin sauti wajen 1906. Masu ƙera rediyo da na'urorin sinima ne suka inganta taransifomar sauti, masu gita gadonta kawai suka yi. A 1936 kamfanin RCA na Amurka ya fitar da bawul 6L6, ba da jimawa ba ƙaraminsa 6V6 ya biyo baya, kuma har yau su ne jigon amfilifayoyin Amurka. A tsakiyar shekarun 1930 ɗin ne kuma Norman Goss ya samar da ƙarfe mai silikon wanda maganaɗisu ke ratsawa cikin sauƙi ta fuska ɗaya, wanda daga baya ya shiga cikin taransifomomi masu inganci.

Leo Fender, mai gyaran rediyo a garin Fullerton na Kaliforniya, ya kafa kamfaninsa a 1946. Bai naɗa taransifoma da kansa ba, saye yake yi. A shekarun 1950 mafi yawansu daga kamfanin Triad suke, daga wajen farkon shekarun 1960 kuma Schumacher na Chicago ya zama babban mai kawo masa. Kowane kamfani na da lambarsa da ake bugawa a jikin ƙarfen, ta Schumacher ita ce 606, sai lambobin da ke biye su nuna shekara da makon da aka ƙera ta. Da waɗannan lambobi masu tara tsofaffin amfilifayoyi ke gane shekarun inji, su kuma gane ko an taɓa sauya masa taransifoma.

A Landan, Jim Marshall da ma'aikatansa Ken Bran da Dudley Craven sun fitar da amfilifayar JTM45 a 1962, kusan kwafin Fender Bassman na ƙarshen shekarun 1950. Amma sautinsu bai zo ɗaya ba, kuma taransifoma na cikin dalilan. Bassman na tura lasifika huɗu da aka haɗa suka ba da ohm 2. Marshall ya yi amfani da taransifomar Radiospares, ya kuma ɗebo sautin da ake mayarwa baya don daidaita inji daga wayar ohm 16 ta naɗi na biyu, abin da ya sa ƙarfin wannan sautin da ake mayarwa ya kusan ninka na Bassman sau uku. Daga baya Marshall ya koma sayen na Drake da na Dagnall, ya kuma rungumi bawul EL34 wajen tsakiyar shekarun 1960. Vox AC30, wadda ta fito daga Dartford wajen 1959 da bawul EL84 guda huɗu, ta yi amfani da taransifomomin kamfanoni daban-daban, ciki har da Woden da Albion da Haddon. Hiwatt ta Dave Reeves kuwa ta shahara da manyan taransifomomin Partridge, waɗanda ake danganta tsabtar sautinta da su.

Masu son sauti mai tsabta na cikin gida sun bi wata hanya. Tsarin amfilifaya na Williamson na 1947 ya nemi taransifoma mai naɗi hawa-hawa, ana sarƙa naɗin farko da na biyu, domin ta ɗauki kowane irin sauti ba tare da rage komai ba. Masu gita ba su damu da hakan sosai ba. Wasu injunan nasu ƙaramar taransifoma aka sa musu don rage kuɗi, sai ga shi kaushin da take bayarwa idan aka ƙure ƙara ya zama abin nema. Da taransista ta yaɗu a shekarun 1960, yawancin amfilifayoyi sun daina buƙatar wannan taransifoma, amma makaɗa gita da dama sun riƙe bawul har yau.

Dalilan lalacewa

Babban dalili shi ne kunna inji a kaɗa gita alhali ba a haɗa lasifika ba, ko wayarta ta tsinke. Ƙarfin da ya taru a maganaɗisu ya rasa wurin zuwa, sai ya dawo naɗin farko da volt da kan haura dubu, ya huda fentin da ke raba zagaye da zagaye. Shi ya sa Fender ke sa soket ɗin lasifika mai rufe kansa idan an zare waya. Na biyu shi ne bawul da ya haɗe a ciki, ko wanda saitin wutarsa ya ɓace har farantin ƙarfen da ke cikinsa ya yi ja, ya ja wutar da ta fi ƙarfin siririyar wayar. Sa fis da ya fi ƙima, ko ɗaure shi da waya, yana ba irin wannan matsala damar ƙona taransifoma. Danshi da tsufa ma na cin takardar da ke tsakanin naɗi.

Alamu da gwaji

Alamun sun haɗa da raguwar ƙara, sauti siriri mai kaushi, ƙonewar fis a kai a kai, warin ƙuna, ko shiru gaba ɗaya. Duk waɗannan bawul da ya gaji ko soket da ya ƙone ko lasifika da ta mutu na iya kawo su, don haka masu gyara kan bar zargin taransifoma sai a ƙarshe.

Kafin a sa hannu a ciki ana cire filogi, a kuma sauke wutar da ke cikin manyan kafasitoci, wato sassan da ke ajiye wuta, domin suna riƙe volt ɗaruruwa bayan an kashe inji, kuma suna iya kisa. Sannan a auna turjiya da mita daga wayar tsakiya zuwa kowane gefe na naɗin farko. Ba lallai su zo daidai ba, tunda zagayen waje ya fi na ciki tsawon waya, amma babban bambanci ko rashin karatu na nuna matsala. Kada kuma mita ta nuna haɗi tsakanin naɗin farko da na biyu ko da jikin ƙarfe. Zagaye ɗaya ko biyu da suka haɗe ba sa bayyana a wannan awo. Ana gano su ta hanyar cire bawuloli, a ba naɗi na biyu 'yar wuta mai kai-komo, a auna abin da ya fito a gefuna biyu na naɗin farko, a kwatanta da rabon da ya kamata.

Sauyawa

Sabuwar taransifoma dole ta dace da irin bawul da yawansu da kuma ƙarfin wat. Bawul 6V6 biyu kan so ohm 6,600 zuwa 8,000, 6L6 biyu wajen 4,000, EL34 biyu kuma wajen 3,400. Ana duba ramukan ƙusa don kada a huda jikin tsohon inji. A tsarin Amurka jar waya ce ta tsakiya, shuɗiya da mai ruwan ƙasa suna zuwa bawuloli, baƙa kuma ita ce ta ƙasa, wato wadda ake haɗawa da jikin inji, a gefen lasifika, amma launukan Ingila sun bambanta. Idan aka kunna inji ya fashe da ƙara mai tsini, wayoyin bawul biyun ne suka juya, sai a kashe a musanya su. Ana sake saita wutar bawuloli, a kuma gyara abin da ya kashe tsohuwar tun farko. Hammond na Kanada da Heyboer da Mercury Magnetics na Amurka suna cikin masu ƙera madadin na tsofaffin injuna.

Sake naɗi

Ana iya warware ƙonanniyar waya a ƙirga zagayenta, a naɗa sabuwa mai kauri ɗaya a kan ƙarfen asali, kamar yadda masu naɗin koyil ke yi wa fanka, sai dai a nan jerin hawa-hawar naɗin ma sai an bi shi daidai. Aikin yakan fi sayen sabuwa tsada, don haka tsofaffin injuna masu daraja aka fi yi wa shi.

Saɓani

Wasu masu gyara na cewa naɗi a kan takarda ya fi na roba daɗin sauti, kuma sauya lafiyayyar taransifoma da mai tsada yana gyara inji. Wasu na ganin bambancin bai kai na sauya lasifika ko bawul ba. A kasuwar tsofaffin amfilifayoyi dai, wadda ke da taransifomarta ta asali ta fi kuɗi.