Antibayros ya kafe a laftof ya ƙi fita: tambayoyi da amsoshi

Da yawa daga cikin laftof ɗin da mutanenmu ke saya a Computer Village da ke Ikeja ko a kasuwar Alaba tokunbo ne, wato na hannu da aka shigo da su daga waje. Sau da yawa za ka tarar da antibayros ɗin tsohon mai shi a ciki, ga wanda mai shago ya ɗora, ga kuma na gwaji da kamfani ya haɗo da shi tun daga masana'anta. Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawa daga 'yan'uwa na Agege, Idi-Araba da Mile 12 idan aka zo cire su.

Malam, sauran manhajoji na fita da dannawa biyu. Me ya sa shi ya kafe?

Da gangan aka gina shi haka. Abin da bayros da yawa ke fara yi idan sun shiga kwamfuta shi ne neman kashe maigadi, wato antibayros ɗin, shi ya sa masu ƙera antibayros ke ba shi garkuwar kare kansa. Yana tashi tun kafin allon shiga ya bayyana, yana dasa direbobinsa, wato ƙananan manhajojin da ke aiki a can cikin Windows, a C:\Windows\System32\drivers, ya zauna tsakanin Windows da kowane fayil, tsakanin Windows da intanet. Idan ka je Task Manager za ka tsayar da shi, sai ya ce maka Access denied. Bai san hannun mai gida daga hannun ɓarawo ba, kowa ya taɓa shi maƙiyi ne, sai wanda ya biyo ta ƙofar da aka tanada.

To in shiga Program Files kawai in goge foldarsa?

Kul! Wannan shi ne kuskuren da ya fi kai laftof wurin mai gyara. Abin da zai cire antibayros ɗin yana cikin foldar da kake shirin gogewa. Rabin fayilolin za su tafi, rabi su ƙi, direbobinsa da bayanansa na rajista (kundin saitunan Windows) su rage a cikin Windows suna neman abin da babu shi. Daga nan sai ka danna Uninstall ya ce bai ga fayil ba, ka ce bari ka sake ɗora shi ya ce ai yana nan. Gaba kura, baya sayaki. A wasu kwamfutocin intanet ke ɗaukewa, a wasu kuma shuɗin allo ke biyo baya.

Wanda ya riga ya yi haka kada ya ci gaba da tono. Ya tsallaka zuwa kayan cirewa na kamfanin, suna nan a ƙasa.

Yaya ake bin hanyar da ta dace?

Shiri tukuna. Ka sa caja, kuma batir ya wuce rabi, domin in NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar cire direba, gyaran ya fi ɓarnar farko wuya. Laftof ɗin da batirinsa ya mutu, a jira janareto ko inbata. Ka rubuta Create a restore point a wurin bincike na Windows, ka danna Create, don ka samu inda za ka koma in abu ya kwaɓe. Sannan ka sauke kayan cirewa na kamfanin ka ajiye a Desktop tun yanzu da intanet ke aiki.

Daga nan ka buɗe antibayros ɗin ka kashe garkuwarsa. A Avast tana cikin Menu, Settings, General, Troubleshooting, inda za ka cire alamar da ke kan Enable Self-Defense. Kaspersky ma Self-Defense yake kiranta, Norton kuma Product Tamper Protection.

Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta appwiz.cpl, ka danna Enter. Jerin manhajoji zai fito. Zaɓi antibayros ɗin ka danna Uninstall, amma ka karanta kowane shafi kafin ka wuce, don sukan sa Repair ko tayin ragin kuɗi da babban maɓalli mai launi, su ɓoye na cirewa a gefe da ƙaramin rubutu. In an tambaye ka ko a bar saitunansa, ka ce a kwashe duka. Ka duba ƙannensa su ma: McAfee WebAdvisor daban yake da McAfee, haka Avast Secure Browser daban yake da Avast.

Da ka gama, Restart za ka danna, ba Shut down ba. A Windows 10 da 11 akwai Fast Startup, wanda ke ajiye zuciyar Windows da direbobinta a faifai idan ka yi Shut down, ya dawo da su yadda suke in ka kunna. Restart ne ke saukar da su gaba ɗaya. In antibayros biyu ko uku ne, ɗaya bayan ɗaya ake cire su, da Restart a tsakanin kowanne.

Na bi duk wannan, ya tsaya a rabi ya ƙi motsi. Sai me?

Ka ba shi kamar minti 20 tukuna, musamman in laftof ɗin mai tsohon faifai ne mai juyawa da RAM 4GB. In fitilar faifai ta daina ƙiftawa kuma ba abin da ya canza, lokacin kayan kamfani ya yi. Kusan kowane babban kamfani yana da nasa, kyauta: na McAfee shi ne MCPR, na Norton shi ne Norton Remove and Reinstall, na Avast Avast Clear, na AVG AVG Clear, na Kaspersky kavremover, na ESET kuma ESET Uninstaller. A shafin kamfanin kaɗai za ka sauke. Kada ka danna tallan da ke fitowa a saman binciken Google, kada kuma ka karɓa daga filashin da ya zaga shaguna goma.

Ka danna shi da maɓallin dama ka zaɓi Run as administrator. MCPR da kavremover za su nuna maka wasu haruffa a hoto su ce ka kwafa. Na Norton yana da tarko ɗaya: in ka bi shi kai tsaye zai cire ya sake ɗorawa, don haka ka shiga Advanced Options ka zaɓi Remove Only.

Avast Clear da ESET Uninstaller a Safe Mode ake so a yi su, inda Windows ke tashi da direbobin da suka zama dole kawai, maigadin yana barci. Riƙe Shift ka danna Restart, sannan Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, sai ka danna 4. Abu biyu kafin ka shiga. Ka tabbata ka san ainihin kalmar sirrinka, don wani lokacin ba ya karɓar PIN a can. Kuma in faifan yana kulle da BitLocker, makullin faifai na Windows, zai iya neman mabuɗi mai lambobi 48. Ka nemo shi a asusunka na Microsoft ka rubuta a takarda tun kafin ka fara. Uninstall na yau da kullum kuwa sau da yawa ba ya aiki a Safe Mode, saboda Windows Installer ba ya tashi a can, kada ka ɓata lokaci a kansa.

Yana tambayar kalmar sirri, ni kuma tokunbo na saya, ban san ta ba.

Sau da yawa alama ce laftof ɗin na wata ma'aikata ne a ƙasar da ya fito. Irin su Symantec Endpoint Protection, Sophos na ma'aikatu da CrowdStrike ba don mutum ɗaya aka yi su ba, ofishin ne ke riƙe da mabuɗin cire su. Dabarun taɓa rajista da ake yaɗawa a YouTube sun fi lalata Windows fiye da cire su.

Ka kwashe fayilolinka zuwa wani faifai, ka samu filashi na 8GB ko fiye, ka haɗa Windows a kansa da Media Creation Tool na Microsoft, ka goge faifan gaba ɗaya ka ɗora sabo. In bayan ka ɗora, da ya hau intanet sai ya nuno sunan wani kamfani ya ce ka shiga da imel ɗin aiki, to na'urar tana cikin rajistar kamfanin har yanzu, kuma su kaɗai ke iya sakin ta. Ka ɗauki rasit ɗinka ka koma wurin wanda ya sayar maka. Shi ya sa ake so tun a shago ka buɗe appwiz.cpl ka leƙa kafin ka tura kuɗi.

Na cire McAfee amma kullum sai ya leƙo ta kusurwa yana cewa an kama bayros biyar.

Galibi wannan ba McAfee ba ne, wani shafin intanet ne da aka taɓa danna masa Allow yake aro sunansa. Duba ƙasan saƙon, za ka ga Chrome ko Edge da adireshin wani baƙon shafi. A Chrome ka rubuta chrome://settings/content/notifications a wurin adireshi, ka cire duk shafin da ba ka sani ba. Kada ka danna saƙon, balle ka sa lambar katinka.

Akwai kuma waɗanda ke laɓewa su shigo tare da wata manhaja da ka sauke, irin su Segurazo da ake kira SAntivirus. Su kam ka fara da Uninstall, ka bi su da manhajojin share bayros AdwCleaner da Malwarebytes, ka rufe da Microsoft Defender Offline scan, wanda ke ɗaukar kamar minti 15.

Ya fita, amma intanet ya tafi tare da shi, alhali ina da data.

Ragowar matatar da ya dasa a hanyar intanet ce. Buɗe Command Prompt da Run as administrator, ka rubuta netsh winsock reset, ka danna Enter, ka yi Restart. In bai dawo ba, ka duba Proxy a cikin Settings ko an bar shi a kunne. Na ƙarshe shi ne Network reset, amma zai manta duk Wi-Fi ɗin da ka taɓa hawa, har da hotspot ɗin wayarka.

Yanzu laftof ɗina ba shi da maigadi ke nan? Kuma kuɗin da ake cire mini duk shekara fa?

Tun daga Windows 8 a 2012 Microsoft ke haɗo cikakken antibayros nasa a ciki, wato Defender. Yana ja gefe in an ɗora wani, ya dawo da kansa in an cire. Buɗe Windows Security, Virus & threat protection, Manage settings, ka ga ko Real-time protection a kunne yake. In ya ƙi kunnuwa, ko dai ragowar tsohon na nan, ka sake bi da kayan kamfani, ko kuma wani ya danne shi da gangan don manhajojin sata su zauna lafiya, abin da ake yawan gani a laftof ɗin da aka cika da kaya a kasuwa. Irin wannan ma sabon Windows ya fi masa. Antibayros ɗin Smadav da ake so saboda filashi bai isa ya maye gurbin Defender ba. Mai Windows 10 kuma ya sani Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025.

Batun kuɗi kuwa, cire manhaja daga laftof ba ya tsayar da shi. Sai ka shiga asusunka a shafin kamfanin ka kashe auto-renewal, ka ajiye imel ɗin da za su turo na tabbatarwa, in ba haka ba alat ɗin cirewa zai shigo ranar da shekara ta zagayo.