Ciwon Peyronie

Ciwon Peyronie lalura ce ta maza wadda wani tabo mai tauri yake samuwa a cikin azzakari, ya sa shi lanƙwashewa a duk lokacin da ya miƙe. Sunan ya samo asali ne daga François Gigot de la Peyronie, likitan fiɗa na Sarki Louis na 15 na Faransa, wanda ya rubuta bayanin lalurar a shekarar 1743.

A cikin azzakari akwai sassa biyu masu kama da soso waɗanda suke cika da jini lokacin sha'awa, kuma wani tantani mai ƙarfi da likitoci ke kira tunika albujiniya ne yake lulluɓe da su. Idan lafiya lau ake, tantanin yakan saki daidai ta kowane gefe. Amma tabo ba ya saki, don haka gefen da ya kama sai ya ɗaure, ɗayan ya ci gaba da miƙewa, azzakarin ya karkata zuwa inda tabon yake. Galibi a gefen sama na azzakari tabon yake fitowa, shi ya sa lanƙwasar da aka fi gani ita ce ta sama, ko da yake wasu takan yi ƙasa ko gefe. Idan tabon ya zagaye, sai tsakiyar ta tsuke, kuma da yawa tsawon gabansu yakan ragu.

Yawancin masana suna danganta lalurar da ƙananan raunuka da tantanin yake samu yayin saduwa, waɗanda suke warkewa ba daidai ba, duk da cewa akasarin masu fama da ita ba sa iya tuna wani rauni da suka ji. Ta fi kama waɗanda suka haura shekara 40, da masu ciwon suga, da waɗanda aka yi wa tiyatar furostet (wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), da masu ciwon Dupuytren mai ƙanƙance yatsun hannu. Gado ma yana da nasa tasirin. Lalurar ba ciwon daji ba ce, ba ta daga cikin cututtukan sanyi, kuma miji ba ya shafa wa matarsa. Haka nan ta bambanta da lanƙwasar da ake haihuwar mutum da ita, wadda babu tabo a cikinta.

Mataki biyu gare ta. A na farko, wanda yakan ɗauki wata 6 zuwa 18, akwai zafi yayin miƙewa, kuma lanƙwasar tana iya ƙaruwa. Daga nan sai ta tsaya cak, zafin ya lafa ga mafi yawa, amma kaɗan ne ƙwarai lanƙwasar take gyaruwa musu da kanta. Abin da ya fi damun mai ita sau da yawa ba zafin ba ne: wahalar kusantar iyali ce, da raunin mazakuta, da ƙuncin zuciya da kunya ke hana shi furtawa. Wannan kunyar babbar asara ce, domin ita take sa mutum ya shafe watanni bai je asibiti ba.

Likitan mafitsara yakan gane tabon ta hanyar taɓawa da hannu, sannan ya auna girman lanƙwasar, wani lokaci ya haɗa da hoton na'ura. Idan lanƙwasar ba ta hana saduwa, sa ido kawai yana iya wadatarwa. A shekarar 2013 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da allurar kolajenes, mai suna Xiaflex, wadda ake yi a cikin tabon domin ta sassauta shi, ga waɗanda lanƙwasarsu ta kai digiri 30. Akwai kuma na'urar jan azzakari a hankali da ake ɗaurawa kullum. Ƙwayoyin sha irin su bitamin E kuwa, bincike bai tabbatar da suna miƙar da lanƙwasa ba.

Tiyata ba a yin ta sai lalurar ta tsaya na wasu watanni. Ko dai a gajarta gefen da ya fi tsawo a ɗinke, kamar yadda ake yi a aikin Nesbit, wanda yake ɗan rage tsawo. Ko a tsaga tabon a yi masa faci. Ko kuma, idan mazakutar ta yi rauni sosai har magani ba ya tayar da ita, a dasa roba a cikin azzakarin wadda za ta miƙar da shi.